Billen Baba Mati

Kafin in shiga labarin, bari in sauƙaƙa muku aiki: wawan da ke cikin wannan babi ni ne. Ba ubanku Lawali ba ne, ba uwarku Rakiya ba ce, ba kuma na'urar gyaran hoton nan ba ce da na shekara ina zagi a bakin tafki har masunta suka fara canza hanya in sun hango ni. Ni ne, Ilu mai lambun albasa, wanda ya yi aji uku a lakkol, wato makarantar boko, ya fito yana ganin babu takardar da za ta yi masa wayo a duniya. Na ji labarin da ake ba ku. Wasu sun ce na riƙe auren uwarku shekara guda don Lawali ba shi da gona, wasu sun ce don mutumin bakin iyaka ne. Da ma hakan ne, da na fita da ɗan mutuncina, domin uba ya yi tambaya a kan gona ba abin kunya ba ne. Abin da na riƙe auren a kansa bai kai tsawon farcen ɗan yatsana ba. Ku ajiye salula ku karanta, ku da kuke kirana tsoho mai rigima a bayan idona kuna zaton kunnena ya mutu.

Ubana Mati masunci ne. Yana kama kifi a tafkinmu na Madarumfa, ya yi banda, ya ɗora wa jaki ya kai Katsina. Wannan zirga-zirgar ce ta sa aka tilasta masa yin katin shaida, kuma katin ne ya sa aka ɗauke shi hoto sau ɗaya tak a rayuwarsa. Ya rasu ina da shekara tara ko kusa da haka. Abin da na riƙe nasa a kaina kaɗan ne: warin hayaƙi a rigarsa, da irin tarinsa, da yadda yake kama ni a ƙeya in za mu tsallake ruwa. Fuskar kuwa, in gaya muku gaskiya, daga katin na san ta. Hoton ɗan mitsitsi ne, yatsa biyu za su rufe shi, hatimin gwamnati ya ci rabin kafaɗa, takardar ta koma launin ruwan shayi. Na sa an ɗinka masa jakar fata kamar laya, na ajiye a ƙasan adakata, sai ranar sallah ko ranar da raina ya ɓaci nake fito da shi. Kuma duk lokacin da na duba, abin da idona ke fara sauka a kai shi ne wani ɗan layi a kuncinsa na hagu, ya taso daga gefen hanci ya karkato ƙasa. Bille ne, ko makaho ya shafa zai ce bille ne.

To, mu gidanmu ba a yin bille. Ni ba ni da shi, ban ga wani danginmu da shi ba. Mutum mai aji uku kuwa ba ya barin tambaya ta kwana babu amsa. Na san cewa matar da 'ya'yanta ke mutuwa suna jarirai, in ta sake haihuwa, akan kira wanzami ya yi wa jaririn alama a fuska, wai don abin da ke ɗauke su ya zo ya kasa gane shi. Sai na ce ai shi ke nan, Baba ɗan wabi ne. Ban san ranar da na yi wannan tunani ba, ban kuma san ranar da tunanin ya rikiɗe ya zama abin da aka gaya mini ba. Abin da na sani, na yi shekara arba'in ina ba da labarin a majalisa. Kowace shekara yana ƙara ƙiba. Wanzamin ya samu gari, daga baya ya samu gemu. Kakata ta fara kuka a cikin labarin, sannan ta fara suma. Mazan garinmu da suka san Mati ido da ido duk sun riga mu gidan gaskiya, ba wanda zai ce mini kai.

Uwarku Rakiya a lokacin tana koyarwa a lakkol nan cikin gari, mace mai hankalinta, ba yarinya ba. Ta je Ɗan Issa ɗaukar hoton da za ta haɗa da takardun aiki, ta dawo da hoto, bayan wata uku sai ga manyan Lawali mai hoton a zaurena, neman aure. Na karɓe su da fara'a, na ce su ba ni lokaci in yi bincike kamar yadda kowane uba ke yi. Wani uban zai aiki amini. Ni na ce idona ya fi na kowa. Ranar kasuwa na ja hula har gira, na hau mota, na sauka Ɗan Issa, na shiga shagon a matsayin baƙon da ba a sani ba.

"Sannu da zuwa, Baba. Ya mutanen Madarumfa? Ga kujera," in ji Lawali.

Na zauna. Bangon shagon cike yake da fuskoki a cikin katako, manya-manya, kowace an yi ta da layin buroshi kamar wani ya zauna kwana bakwai da gwangwanayen fenti. A cikinsu na gane wani ɗan canji da nake gani a tasha, mutumin da agana ta rarake wa fuska tun yana yaro. A bangon kuwa kumatunsa sumul, suna sheƙi kamar an shafa man shanu.

"Wa ya zana wanga?"

"Ba wanda ya zana shi, Baba. Hoto ne na ɗauka, na sa shi a ordinatar, kwamfutar nan, na mai da shi kamar aikin mai fenti."

"To ina fentin?"

"Babu fenti."

Na tashi na kankara da farce, na sansana. Babu wari, babu abin da ya maƙale mini. Ya ga ban gamsu ba, sai ya kira ni gaban na'urar, ya buɗe hoton wata tsohuwa, ya kama wani ɗan abu da yake turawa a kan tebur. In ya ja dama, layukan su yi kauri kamar yaɓen magini. In ya ja hagu, su yi siriri kamar kitso. Ya juya haske ya fito ta gabas, ya mai da shi ta yamma, tsohuwar tana zaune ba ta ce uffan ba. Ya ce hoton asali yana nan a ƙasa ba a taɓa shi ba, fentin kamar mayafi ne aka yafa masa, ya latsa sau ɗaya mayafin ya tafi, ya latsa ya dawo. Yana bayani yana murmushi, yana zaton burge ni yake. Ni kuwa a raina cewa nake, wannan mutum sana'arsa ke nan: fenti marar fenti, fuska marar tabo, a garin da kowa ke neman ya tsallake iyaka da abin da ba shi ne a takarda ba. Wanda ya saba gyara fuskar mutane haka, ranar da ya ɓata wa 'yata rai, yaya zai gyara mini labarin? Na tambayi maƙwabtansa. Tela ya ce mutumin kirki ne. Mai shayi ya ce ba ya wuce sallar jam'i. Na ce a raina, har su ya shafe da buroshin.

Duk da haka da na bari an yi auren bayan sallah, domin ban samu abin kamawa ba. Kakarku Hajara ce ta ba ni, ba da niyya ba. Ta ga ina jan ƙafa, sai suka haɗa baki da Rakiya a kan yadda za a tausasa ni. Ina lambu ina ban ruwa, ta buɗe adakata, ta ɗauki katin Baba, aka kai Ɗan Issa, aka dawo da shi wurinsa ban sani ba. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai ga kawun Lawali ya zo jin amsa, ɗauke da wani abu mai faɗi a naɗe cikin zane. Ya jingina shi a bangon zaure, ya yaye.

 Ga ubana, girman mutum, yana kallona. Hatimin gwamnati ya sauka daga kafaɗarsa. An sa masa riga shuɗiya, bayansa wani launi kamar ruwan tafki da hantsi. Layukan buroshin sun bi goshinsa, sun bi gemunsa, idanun nan da nake gani kamar ƙwayar gero biyu a kati sun buɗe, har da ɗan haske a ciki. Shekara sittin rabona da in ga wannan mutum ya fi tafin hannuna girma. Na ji hawaye na tahowa, na yi kamar tari ya kama ni. Sai idona ya tafi inda ya saba zuwa, kuncin hagu. Babu komai. Sumul, irin na ɗan canji.

Na tashi na juya hoton ya fuskanci bango.

"Lafiya, Malam Ilu?" in ji kawun.

"Lafiya lau. Ka gaya wa ɗanka na gode da hoton uban wani da ya aiko mini. Maganar rana kuwa a dakata."

Bayan kwana biyu na ɗauki katin na koma Ɗan Issa, wannan karon ban ja hula ba. Lawali ya durƙusa ya gaishe ni, na amsa a taƙaice. Na ce ya nuna mini inda ya kai billen ubana. Ya kunna na'urar, ya yaye mayafin fentin, ya buɗe hoton katin, ya yi ta faɗaɗa shi har kuncin Baba ya cika gilashin gaba ɗaya.

"Baba, ka duba nan. Na daɗe a kan wurin nan kafin in taɓa shi. Layin fari ne tas, tabon aska kuwa a fatar baƙin mutum duhu yake yi a hoto. Ga bakinsa a tattare, kamar an yagi saman takardar. Ya hau kan hanci kaɗan. Ga kuma wutsiyarsa nan, siririya, ta sauka har kan wuyan riga. Ni a ganina ƙarzuwa ce takardar ta yi."

"Wato wanzamin ya yi wa riga aska ke nan."

"A'a, Baba, abin da nake nufi ke nan, ba wanzami ba ne."

"Shekarunka nawa?"

"Talatin da biyu."

"Na fi shekarunka ina kallon katin nan. Wutsiyar da kake nuna mini, ban taɓa ganinta ba sai yau da ya shiga akwatinka. Wanda ya cire, ai shi zai iya ƙarawa."

Ya sunkuyar da kai. Can ya ce in ina so ya mayar, abu ne mai sauƙi. Ya dawo da hoton mai fenti, ya kama ɗan abin nan, ya ja layi ɗaya daga gefen hanci, ya yi masa duhu, ya bi shi da buroshi har ya zauna a cikin fatar kamar da shi aka haife shi. Ban gama gyara zama ba ya gama. Ku a ganinku ai sai in ji daɗi. Tsigar jikina ce ta tashi. Mutum ya yi wa mamaci aska a gabana, babu aska, babu jini, ko bisimilla ban ji ya yi ba. Na ce masa to madalla, saura abu guda. Ya faɗa da bakinsa, gaban kawunsa da nawa mutanen, cewa ya ga bille ya goge, ya yi kuskure. In ya faɗa, a wannan makon zan sa rana.

Lawali ya ɗago ya ce:

"Baba, in ka ce in sa, zan sa, in buga, in kawo maka har gida, ubanka ne. In ka ce in ba da haƙuri don na taɓa hoton ban tambaye ka ba, na bayar, laifina ne. Amma in ce na ga bille, ban gani ba."

"Ko da a bakin auren?"

"Allah ya huci zuciyarka, Baba. Ban gani ba."

Yanzu da nake rubuta wannan, ko jakin ubana zai gane abin da ke gabana a ranar. Mutumin da nake tuhuma da sayar da ƙarya, ga mace an ajiye masa a kan kalma ɗaya ta ƙarya, ya ƙi ɗauka. Ni kuwa na fito daga shagon ina cewa na kama shi: ga taurin kai, ga raina manya, ga ƙaryata suruki tun ba a zama surukai ba.

Daga nan shekarar ta lalace. Na shiga zargin kowa. Na sa wa adakata kwado, na rataya mabuɗin a wuya. In an je suna ko ɗaurin aure wani ya ɗaga salula, sai in rufe fuska da hannun riga, kada a kai ni Ɗan Issa a cire mini hanci. Na ga hoton Hajara a salular Rakiya an yi mata irin fentin nan, an rage mata shekara goma, na ce ashe da wannan aka saye ki. A majalisa na mai da maganar karatu: yau sun goge bille, gobe za su goge iyakar gona, jibi mutum ya wayi gari a nuna masa hoto a ce ba shi ne uban 'ya'yansa ba. Mutane suna gyaɗa kai, domin ni ke sayen goro. Hoton Baba yana nan a zaure yana kallon bango, damina ta zo ta wuce a kansa haka. Kawun Lawali ya dawo sau biyu, sau biyu ina ba shi ruwa da labarin farashin albasa.

A cikin gida kuwa ba a yi mini rigima ba, abin da ya fi rigima aka yi mini. Rakiya ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. Tana gaishe ni da safe, tana kawo mini ruwan alwala, ta daina dai zama kusa da ni tana gyara takardun ɗalibanta tana karanta mini shirmen da suka rubuta muna dariya. Hajara ita ce mai magana, ita ma a gefe take sakinta, tana tankaɗe ko tana tsince wake.

"Malam, yau ma surukin naka bangon zaure ya gaishe ka?"

"Ki bar ni da abin da kika jawo."

"Ni na jawo? Ni dai na ga mutum ya kawo maka ubanka, ka juya masa ƙeya. Mamacin ma ya gaji da kallon yaɓe."

"Ke kin san Mati ne?"

"Ban san shi ba. Kai ma ina shakka."

Na yi kamar ban ji ba. Da kaka ta matso, lokacin komawa lakkol ya yi, sai Rakiya ta same ni a lambu. Ta durƙusa a bakin kwarin albasa, ta ce ta nemi a canza mata wurin aiki, an ba ta wani ƙauye can arewa, tafiyar yini guda. Ta ce ba fushi ta yi ba, zama ne ya yi mata nauyi, kowa a gari yana kallonta da tausayi. Ta ce ba za ta auri wanda ban yarda da shi ba, ba kuma za ta auri wani ba.

"Baba, ka yafe mini in na saɓa maka."

Na ce Allah ya kiyaye hanya. Ta tafi. Na tsaya da bokiti a hannu har ruwan ya tsiyaye ta ƙasa ban sani ba.

Ku riƙe wannan wurin, domin nan ne asarar take. An ɗaura auren daga baya, kun sani, tunda ga ku. Amma uwarku ba ta sake dawowa da aiki Madarumfa ba. Daga wancan ƙauyen aka tura ta wani, ubanku ya kwashe shagonsa ya bi ta. Shi ya sa kuke zuwa garin kakanku da hutu kamar baƙi, kuna tsoron shiga kwalekwale, kuna tambaya ta sunan kifin da ya kamata a ce kun san shi tun kuna rarrafe. Ba gwamnati ce ta yi muku haka ba. Ni ne.

Bayan tafiyarta gidan ya yi faɗi. Hajara ta daina ko gugar zanar. Ran nan ta ajiye mini tuwo, ta zauna, ta ce abu ɗaya take roƙo: tunda na ce ina da gaskiya, in kawo shaida. Duk duniya mutum ɗaya ya rage da ya san fuskar Mati da hankalinsa, yayata Kande, wadda aka kai aure Gabi tun ina yaro, ta haura tamanin, idonta garau, harshenta kuwa ya fi idon. Ina zuwa gaishe ta da sallah, amma ba na daɗewa, domin har yau kallon mai majina take yi mini. Ban taɓa ba ta labarin wabi ba, labarin majalisa ne, na maza. Na ce wa Hajara to, mu je, kuma ke ma sai kin je, don ki ji da kunnenki, kada a dawo a ce na gyara. Kun ga wawa na gaske, har 'yan kallo yake gayyata.

Muka ɗauki kabu-kabu biyu da hantsi, ni na rungume hoton a naɗe kamar ƙofar ɗaki, iska tana neman tashi da mu. Muka tarar da Yaya Kande a gindin bedi tana ɓarar gyaɗa. Aka gaisa, aka kawo fura. Na riga na shirya dabara a hanya: ba zan gaya mata komai ba, zan buɗe kawai, ita da kanta za ta ce ina abu kaza. Na jingina shi a jikin bishiyar, na yaye zanen.

Gyaɗar hannunta ta zube. Ta matso da gwiwa, ta kai hannu ta shafa gemun, ta shafa goshin. 

"Baba," ta ce a hankali. "Allah ya jiƙanka, Baba. Wa ya yi wanga aiki?"

"Wani ne. Yaya, duba da kyau. Ba ki ga abin da ya ɓace ba?"

Ta ja baya ta ƙanƙance ido.

"Rigar dai ba tashi ba ce. Bai taɓa mallakar shuɗiya ba, kullum cikin mai warin kifi yake. Amma ya dace da ita, a bar mishi."

"Ban da riga. A fuska."

"Mi ya ɓace a fuska? Ga hancinshi, ga kunnen nan da ka gada kamar marfin tukunya."

"Billen, Yaya."

"Wane bille?"

Hajara ta ajiye ludayi. Ni kuwa na ce tsufa ne, ba laifinta ba. Na ciro jakar fatar daga aljihu, na zaro katin, na miƙa mata, na nuna da farce. Don in taimaka mata ta tuna, sai na kwararo labarin gaba ɗaya: yadda kakarmu ta yi ta binne jarirai, yadda aka kira wanzami mai gemu, yadda ta suma. Tana saurare, bakinta a buɗe.

"Baba ne ɗan wabi? Mutumin da ke da yayye huɗu maza, ƙarti, da suka cinye mana rumbu ranar sadakar bakwai ɗinshi? Ilu, wa ya gaya maka wanga?"

"Haka aka ce."

"Wa ya ce?"

Na buɗe baki, na nemi mutum ɗaya da zan ɗora wa, ban samu ba. Ta kawo katin kusa da idonta, ta karkata shi wajen rana. Sai na ga kafaɗunta sun fara rawa. Na zaci kuka ne, ashe dariya take.

"Ke Hajara, matso ki ji mijinki. Da Baba ya rasu, wanga yaro ya sace katin daga kwallar Inna. Aka yi ta nema, har aka zargi maƙwabta. Ashe yana cikin gwangwaninshi na ƙugiyoyi, yana yawo da shi bakin tafki, yana buɗewa yana magana da shi. Kwana goma sai ga shi ya shigo yana ihu, ƙugiya ta kama hoton, ya fizga, ta yage fuskar. Ni na cire mishi ita daga yatsa, ga tabon nan ma, nuna mata. Inna ta ɗauki muciya, da ta ga irin kukan da yake sai ta ajiye, ta ce ya riƙe katin, nashi ne."

Na dubi babban yatsana na dama. Akwai wani ɗan farin tabo a wurin, na yi shekara sittin ina cewa wuƙar yankan albasa ce. Hajara ta gaya mata sauran a gajarce: mai hoton, da sharaɗin da na kafa masa, da inda Rakiya take a yanzu. Dariyar Yaya Kande ta ɗauke. Ni kuwa, da yake hali ba ya barin mutum ko a bakin rami, sai na gyara murya na ce to ko ma yaya ne, ai bai kamata a taɓa fuskar mamaci ba a tambayi 'ya'yansa ba, kuma ni har yanzu ina ganin wanzami ne kawai zai iya tabbatar da wannan magana.

Ta miƙo mini katin, ta ja ƙwaryar furar daga gabana.

"Wanzami kake nema? Wanzamin da ya yi wa Baba wanga bille ga shi nan zaune yana shan furata. Yaron mutane ya share maka ɓarnarka, kai kuma ka kori ɗiyarka don a mayar da ita. Tashi ka tahi Ɗan Issa tun rana ba ta yi ba, ka durƙusa, in gwiwar taka ba ita ma ƙugiya ta kama ba."